Idan Doka Ta Ce A Ɗaure, Mutum 12 Suka Ce A'a: Fashin Baƙi Kan Ikon Masu Taya Alƙali

Shin mutumin da aka kira kotu don ya taya alƙali yanke hukunci yana da ikon ya ga hujja ƙarara, ya tabbata wanda ake tuhuma ya aikata abin da ake zarginsa da shi, amma ya ce "ba shi da laifi" saboda a ganinsa dokar ce azzaluma? Wannan tambayar ta kusa kai wata dattijuwa kurkuku a Ingila.

A watan Maris na 2023 Trudi Warner, tsohuwar ma'aikaciyar jin daɗin jama'a da ta yi ritaya, ta tsaya a ƙofar wata kotu a Landan riƙe da kwali. A ciki ana shari'ar masu zanga-zangar sauyin yanayi, alƙali kuma ya hana su faɗa wa kotu dalilin da ya sa suka tare hanya. Abin da ta rubuta a kwalin bai wuce tunatarwa ga masu taya alƙali ba, cewa suna da cikakken iko su wanke mutum bisa lamirinsu. Lauyoyin gwamnati suka nemi a tuhume ta da raina kotu, laifin da ɗaurinsa kan kai shekara biyu. Sai a Afrilun 2024 Babbar Kotu ta ƙi ba da izinin ci gaba da ƙarar. Maganar ta sake tasowa a Disamban 2025, da gwamnatin Birtaniya ta sanar da shirin rage yawan shari'o'in da irin waɗannan mutane ke zama a kansu, da hujjar cewa ƙararraki sama da 70,000 sun taru suna jiran layi.

Su wane ne masu taya alƙali?

Sunan da kafafen labarai na Hausa suka saba kiransu da shi yana ɗan ɓatar da mai sauraro. Idan ka ji "masu taya alƙali", sai ka ɗauka mashawarta ne, su faɗi ra'ayinsu alƙali ya ɗauka ko ya bari. A Ingila da Amurka ba haka abin yake ba. Juri, kamar yadda ake kiran ayarin, yawanci mutum 12 ne da aka zaɓo ta hanyar ƙuri'a daga cikin jama'ar gari. A Ingila daga rajistar masu zaɓe ake ɗebo sunayen, daga ɗan shekara 18 zuwa 75. Direban tasi, malamar makaranta, mai shago, ɗalibi, kowa na iya samun takardar kira, kuma ƙin zuwa ba tare da uzuri ba laifi ne.

An raba aikin gida biyu. Alƙali shi ke faɗin abin da doka ta ce, shi ke tantance hujjar da za a saurara, shi ke yanke tsawon ɗauri. Amma tambayar ko mutum ya yi laifi ko bai yi ba, wannan ta mutum 12 ɗin nan ce su kaɗai. Sukan shiga ɗaki a rufe ƙofa, su fito shugabansu ya miƙe ya faɗi magana ɗaya tak: yana da laifi, ko ba shi da laifi.

Ya kamata a sani cewa ƙananan laifuka ba sa zuwa gabansu. A Ingila mafi yawan shari'o'i a kotun majistare suke ƙarewa, a Amurka kuma sama da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka samu da laifi amsawa suka yi bayan ciniki da masu gabatar da ƙara. Shari'o'in da ke isa gaban juri kaɗan ne, sai dai su ne manya.

Daga ina ikon ƙin bin doka ya fito?

Ba za ka buɗe kundin dokokin Ingila ko tsarin mulkin Amurka ka ga sashen da ya ce "juri na iya watsi da doka" ba. Ikon ya samu ne daga haɗuwar wasu ƙa'idoji da aka kafa don wata manufa dabam.

Ba a tambayarsu dalili. A Ingila ma laifi ne ɗan juri ya fito ya faɗi abin da aka tattauna a ɗakin. Ba a hukunta su saboda hukuncin da suka yanke, komai ɓacin ran alƙali. Sannan idan suka wanke mutum, magana ta ƙare. A Amurka gwamnati ba ta da damar ɗaukaka ƙara ko sake gurfanar da shi kan laifi ɗaya. A Ingila dokar 2003 ta buɗe 'yar ƙofa a manyan laifuka, amma sai an samu sabuwar hujja mai ƙarfi, ba don kawai hukuncin bai yi wa gwamnati daɗi ba.

To idan ba za a tambaye ka dalili ba, ba za a hukunta ka ba, ba za a kuma warware abin da ka ƙulla ba, me zai hana ka bin zuciyarka? Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Waɗanda suka gina wannan tsari sun san wata rana mutum 12 za su ji alƙali ya karanta doka su yi abin da suka ga ya dace, suka kuma yarda da hakan a matsayin farashin hana gwamnati tilasta hukunci.

Abu biyu mutane kan rikita. Ikon gefe ɗaya yake aiki: idan juri suka ɗaure mutum ba bisa doka ba, ana iya ɗaukaka ƙara a soke. Wankewa ce kaɗai ba ta warwaruwa. Na biyu, wanke mutum ɗaya ba ya soke doka. Gobe za a iya kama wani da laifi iri ɗaya, wasu mutum 12 dabam su ɗaure shi.

Kwana biyu ba ci ba sha: shari'ar 1670

A watan Agusta na 1670 hukuma ta rufe wurin ibadar 'yan ɗariƙar Quaker a titin Gracechurch da ke Landan, don doka ta hana taron ibada a wajen cocin gwamnati. William Penn, saurayi ɗan shekara 25, ya tsaya a bakin titi ya yi wa'azi. Aka kama shi da abokinsa William Mead, aka gurfanar da su a kotun Old Bailey da tuhumar haramtaccen taro da tayar da hankali.

Shaidu sun tabbatar Penn ya yi magana, shi ma bai musa ba. Da juri suka dawo sai suka ce sun samu Penn da laifin "yin magana a titin Gracechurch". Magana a titi kuwa ba laifi ba ce a doka, kuma sun san haka. Alƙalai suka fusata, suka mayar da su ɗaki. Suka sake fitowa da amsa iri ɗaya. Sai aka ce a kulle su, babu abinci, babu ruwa, babu wutar jin ɗumi, babu taba, har sai sun kawo hukuncin da kotu za ta karɓa. Dare biyu suka kwana a haka. Da aka fito da su a galabaice, maimakon su sassauta sai suka ƙara gaba, suka ce mutanen biyu duk ba su da laifi.

Kotu ta ci kowannensu tarar da ta haura fam 26, kuɗi mai yawa a wancan zamani, aka tura su kurkukun Newgate har sai sun biya. Wasu suka biya suka tafi gida. Edward Bushel da wasu 'yan kaɗan suka ƙi, suka zauna a ɗaure makonni. Ƙarar da Bushel ya shigar ta kai gaban babban alƙali John Vaughan, wanda ya yanke cewa ba a hukunta ɗan juri saboda hukuncinsa. Hujjarsa mai sauƙi ce: mutum biyu kan ji shaida ɗaya su fahimce ta dabam, kuma idan dole ne juri su faɗi abin da alƙali ke so, to mene ne amfanin tara su?

Har yau akwai allo a bangon Old Bailey da ke tunawa da jarumtar waɗannan mutane, kuma saƙon da ke jikinsa ne Trudi Warner ta maimaita a kwalinta. Penn kuwa shi ne daga baya ya kafa yankin Pennsylvania a Amurka.

Inda ikon ya ceci rayuka

A ƙarni na 18 zuwa farkon na 19, laifukan da hukuncinsu rataya ne a Ingila sun haura 200. Wanda ya saci kayan da suka kai sule 40 a cikin gidan wani, igiya ce makomarsa. Masu taya alƙali suka samo dabara: su yarda an yi satar, amma su ƙiyasta kayan a kan sule 39, ko da kowa a kotun ya san sun ninka haka sau da yawa. Sule ɗaya tak ya raba dubban talakawa da igiya. Abin ya kai a 1830 masu bankuna da kansu suka kai koke majalisa a cire hukuncin kisa kan buga takardun kuɗi na jabu, don sun lura juri ba sa yarda su kama mai laifin matuƙar kashe shi za a yi. Cikin 'yan shekaru aka cire. Wannan shi ne yadda ikon kan canza doka a kaikaice: idan ana ta gurfanarwa ana ta wankewa, majalisa kan gane dokar ta rabu da mutane.

A New York a 1735 an gurfanar da mai buga jarida John Peter Zenger saboda sukar gwamna William Cosby. Doka a lokacin ba ta karɓar "gaskiya na faɗa" a matsayin kariya. Juri suka wanke shi.

Misalin da ya fi taɓa zuciyata shi ne na dokar kama bayin da suka gudu, wadda Amurka ta kafa a 1850. Dokar ta hana wanda aka kama damar zuwa gaban juri, ta kuma tanadi dala 10 ga jami'in da ya yanke a mayar da mutum bauta, dala 5 idan ya sake shi. Waɗanda suka tsara ta sun san sarai abin da talakawan arewacin ƙasar za su yi idan aka ba su dama. A Fabrairun 1851 aka kama Shadrach Minkins a Boston, a gidan abincin da yake aiki. Wasu baƙaƙen fata na garin suka kutsa cikin kotu suka ɗauke shi, aka yi ta ɓoye shi daga gida zuwa gida har ya isa Kanada. Shugaba Millard Fillmore ya nemi a hukunta waɗanda suka yi wannan aiki. Su kam dole a kai su gaban juri, kuma ba a samu ko ɗaya da laifi ba.

A kusa-kusan nan akwai Clive Ponting, babban ma'aikaci a ma'aikatar tsaron Birtaniya. Ya aika wa ɗan majalisa Tam Dalyell takardun da suka nuna an ɓoye wa majalisa gaskiya kan yadda sojojin Birtaniya suka nutsar da jirgin ruwan yaƙin Ajantina, General Belgrano, a 1982, inda mutum 323 suka mutu. A shari'arsa a 1985 alƙali ya gaya wa juri cewa maslahar ƙasa ita ce manufar gwamnatin da ke kan mulki, wato dai Ponting ba shi da mafita. Suka wanke shi. Haka a Janairun 2022 juri a Bristol suka wanke mutum huɗu da suka tumɓuke gunkin Edward Colston, ɗan kasuwar da ya yi dukiya da safarar bayi daga Afirka ta Yamma. Sai dai a wannan an gabatar da hujjojin kariya na doka, saboda haka babu mai iya rantsuwa cewa watsi da doka suka yi. Ba a tambaye su ba, ba su kuma faɗa ba.

Sumner, 1955

Duk mai son ya yabi wannan iko, ya fara tsayawa a wannan garin na jihar Mississippi a Amurka, inda aka yi shari'ar kisan Emmett Till.

Emmett Till yaro ne ɗan shekara 14 daga Chicago da ya je hutu wurin danginsa a jihar Mississippi. Aka zarge shi da yi wa wata farar mace rashin kunya a shago. Cikin daren 28 ga Agusta, mijin matar Roy Bryant da ɗan'uwansa J. W. Milam suka zo da bindiga suka ɗauke shi daga gidan dattijo Mose Wright. Bayan kwana uku aka tsamo gawarsa daga kogin Tallahatchie, an ɗaura masa ƙarfen injin auduga a wuya da waya mai ƙaya. Mahaifiyarsa ta ce a bar akwatin gawar a buɗe, duniya ta ga abin da aka yi wa ɗanta.

A kotu, Mose Wright, manomi ɗan shekara 64, ya miƙe a gaban ɗaki cike da fararen fata ya nuna Milam da yatsa. A Mississippi ta wancan lokaci baƙin mutum da ya yi haka ya sayar da ransa ne, shi ya sa bayan shari'ar ya bar jihar. Mutum 12 da suka saurare shi duka maza ne, duka farare. Baƙaƙe ne suka fi yawa a gundumar, amma an hana su rajistar zaɓe, wanda ba shi da rajista kuma ba ya zama a juri. Mata ma doka ta hana su. Awa ɗaya da 'yan mintoci suka yi a ɗaki, suka fito suka ce ba su da laifi. Bayan wata huɗu mutanen biyu suka ba mujallar Look labarin yadda suka kashe yaron, aka biya su kuɗi, kuma babu abin da doka za ta iya yi musu.

Ƙa'idojin da suka kare Bushel su ne dai suka kare waɗannan. Babu tambayar dalili, babu hukunta juri, babu sake shari'a. A nan dokar ba azzaluma ba ce, dokar hana kisan kai ce, amma aka ba kura ajiyar nama. Irin haka ta faru da wanda ya harbe Medgar Evers, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata a Mississippi, a 1963: sau biyu juri na fararen fata suka kasa cimma matsaya a 1964, sai a 1994 wani juri da ya haɗa baƙaƙe da farare ya same shi da laifi. Shekara 30 ke nan, kuma babban abin da ya canza a tsakani shi ne mutanen da ke zaune a kujerun.

Iko ne ko haƙƙi?

Kotuna sun tsaya a wani matsayi mai wuyar sha'ani: sun yarda ikon yana nan, amma ba sa so a faɗa. A 1895, a shari'ar Sparf, Kotun Ƙolin Amurka ta ce aikin juri ne su bi doka yadda alƙali ya bayyana ta, kuma ba dole ba ne a sanar da su cewa suna iya saɓawa. A 1997 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce ana iya cire ɗan jurin da aka tabbatar ya ƙudurta ƙin bin doka. A ɗaya gefen, a 2005 kotu mafi girma a Birtaniya ta yanke cewa babu wani yanayi da alƙali zai umarci juri su ce mutum yana da laifi, ta Kanada ma ta faɗi haka a 2006.

Masu adawa da ikon suna da hujja mai nauyi. Doka wakilan miliyoyin mutane ne suka yi ta a fili, wa ya zaɓi waɗannan 12 da za su ture ta a ɓoye? Sun yi rantsuwa za su yi hukunci bisa hujja. Kuma mutum biyu da suka yi laifi ɗaya, ɗaya ya tafi gida ɗaya ya tafi kurkuku, don kawai wannan ya yi sa'ar masu tausayi ko yana kama da su. Masu goyon baya sukan amsa da cewa kowa a cikin tsarin yana da damar kawar da kai. Ɗan sanda kan ƙyale, mai gabatar da ƙara kan janye, shugaba kan yi afuwa. Don me talaka ne kaɗai za a ce nasa tausayin haramun ne? Suna kuma cewa majalisa ba za ta iya hango kowane hali ba lokacin da take rubuta doka.

Ni ina tare da na biyun, amma da sharaɗin da Sumner ta koyar. Ingancin wannan iko ya ta'allaƙa ne kacokan a kan wa aka bari ya zauna. Shi ya sa nake ganin hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1986, da ya hana masu gabatar da ƙara cire mutum daga juri saboda launin fatarsa, ya fi duk wata muhawarar a faɗa musu ko kada a faɗa musu muhimmanci.

Mu da ba mu da juri fa?

Ƙasashe da dama da suka gaji dokar Ingila sun ajiye tsarin. Indiya ta yi watsi da shi bayan shari'ar hafsan sojan ruwa Nanavati ta 1959, inda juri suka wanke shi daga kisan da ya amsa ya yi, babbar kotu ta soke hukuncin. Afirka ta Kudu ta soke shi a 1969. A Najeriya an taɓa amfani da shi a Legas, amma yau alƙali ne ke duba hujja, shi ke yanke hukunci, kuma gwamnati na iya ɗaukaka ƙara idan an wanke mutum. Ghana ta riƙe nata: manyan laifuka irin su kisan kai mutum bakwai ne ke zama a kansu, don haka ɗan zango a Kumasi ko Accra na iya samun kansa a wannan kujera.

Tunanin tsayar da hukunci idan aiwatar da shi zai zama zalunci ba baƙo ba ne a wurinmu. Malamai sun kafa ƙa'idar tunkuɗe haddi da shubuha, kuma sananne ne cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, bai yanke hannun ɓarawo ba a shekarar yunwa. Amma kada a haɗa su wuri ɗaya. Shi bai ce dokar ba ta da adalci ba, ya ga sharuɗɗanta ne ba su cika ba, kuma shugaba ne masani, ba mutum 12 da aka ɗebo daga kasuwa ba.

A Najeriya wannan ƙofa ta sassauci tana sama ne. Sashe na 174 da na 211 na tsarin mulki sun ba Antoni Janar na tarayya da na jiha ikon janye ƙara, na 175 da 212 sun ba shugaban ƙasa da gwamna ikon afuwa. Mun ga yadda take aiki a Nuwamban 2024, da aka gurfanar da yaran da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, da yawansu daga Kano da Kaduna, a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja da tuhumar cin amanar ƙasa. Wasu suka faɗi a kotu saboda galabaita, aka sa belin naira miliyan 10 a kan kowanne. Sai da hotunansu suka karaɗe duniya shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su, Antoni Janar ya janye ƙarar. Wanda ya shigar da ƙarar da wanda ya janye ta duk gwamnati ɗaya ce. Talakan gari ba shi da kujera a ciki, sai dai ya yi kururuwa daga waje.

Wannan ba ya nufin a kwaso juri a kawo gobe. A garin da rikicin ƙabila ko na addini ya raba, mutum 12 daga unguwa ɗaya za su iya zama irin na Sumner, ga matsalar cin hanci da barazana ga wanda kowa ya san gidansa. A Birtaniya kuwa, inda aka shafe shekara sama da 350 ana kan hukuncin Vaughan, shirin da aka sanar a Disamban 2025 zai mayar da laifukan da ake hasashen ɗaurinsu ba zai wuce shekara uku ba hannun alƙali shi kaɗai. Da yawa daga cikin shari'o'in masu zanga-zanga a wannan rukuni suke faɗawa, haka ma irin tuhumar da aka yi wa Ponting, wadda iyakar ɗaurinta shekara biyu ne.